Minti Biyar ɗin da Magariba Ta Cinye

Gwiwoyina ne suka kore ni daga gidan. Matakala talatin da ɗaya, shekara ashirin da shida ina hawansu da ƙunshin kayan guga a ka, amma bara sai da na fara tsayawa sau biyu a hanya ina salati. Babbar 'yata ta ce, "Umma, ki tattara ki dawo wurina, ga ɗakin ƙasa nan babu kowa." Na yi gardama wata uku, sannan na ce to.

Ranar Asabar muka sa za a kwashe kaya. Ita babbar tana can tana gyara ɗakin da zan zauna, sai ƙannenta biyu suka zo taya ni. Namijin Injiniya muke ce masa tun yana ɗan shekara shida, don babu agogon da ya taɓa tsira a hannunsa, yanzu kuma gyaran waya yake yi. Sai Auta, wadda take aiki a kantin magani. Na ce musu duk abin da ba shi da amfani a zubar, ba zan kai wa mutane tarkace gida ba.

Injiniya ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga tsofaffin labulaye, sai na ji ya yi ihu kamar an taka shi.

"Umma! Masu Jan Ƙafa!"

Auta ta saki murfin tukunyar da ke hannunta ta zo a guje. Kwalin takalmi ne, cike da kaset guda ashirin, kowanne da lamba gaba da baya da rubutun hannuna. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma lamba kam ina rubutawa. Ɗaya zuwa arba'in.

Ga wanda bai sani ba, Masu Jan Ƙafa wasan kwaikwayo ne da wata 'yar ƙaramar tashar rediyo take sakawa duk Alhamis, ƙarfe shida zuwa shida da rabi na yamma, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Wai wata cuta ce ta shigo gari, wanda ta kashe ba ya kwanciya, sai ya tashi yana yawo yana jan ƙafa, wanda ya ciza shi ma ya koma haka. Yaran yanzu zombi suke ce musu. Wasu mutane suka kulle kansu a cikin asibiti. Akwai Likita, mace, wadda 'yarta ta ɓata tun ranar farko. Akwai Direba da bas ɗinsa da ta ƙi tashi a tsakar asibitin. Akwai tsohuwa mai girki. Akwai wani mutum da ba a taɓa ganinsa ba, sai dai su ji shi ta oba-oba, 'yar rediyon magana irin ta 'yan sanda, yana cewa su yi haƙuri taimako na zuwa, shi ake kira Murya. Kuma duk mako, ana cikin magana, sai a ji ana buga bututun ruwa daga can ƙasa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sau uku. Ba wanda ya san ko wane ne.

Farkon da na ji shi na ce ba a gidana ba. Mamaci ba ya tashi sai ranar da Allah Ya tashe shi.

Babansu, Allah Ya ji ƙansa, ya ce, "Ranki ya daɗe, wasa ne fa. Wani ƙato ne zaune yana jan silifa a kan siminti."

Na ce to a ji, amma da sharaɗi ɗaya: da zarar an kira salla, rediyo ya mutu. Kowa ya yarda, don a lokacin sai kusan ƙarfe bakwai ake kiran magariba. A mako na huɗu, ni da na ce ba na so, ni ce na ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta da ƙarfen guga ina sauraren yadda aka kusa kama Direba a ƙarƙashin mota.

Shi babansu bas yake tuƙawa a cikin gari, ba ya shigowa sai bayan magariba, shi ya sa nake ɗaukar masa a kaset. Rediyon yana kan teburin guga, daf da ƙofa, inda yake ajiye makullinsa. Ya koya mini: ki danna jan maɓallin tare da na kusa da shi, kada ki sake taɓa su. In ya dawo ya yi wanka, yana cin abinci yana ji, mu kuma muna sake ji tare da shi. Daga nan sai a buɗe kotu.

Kowa da nasa. Babbar cewa take Likita ce ta kawo cutar. "Ku lura mana, duk sanda aka ambaci ɗakin gwaji sai ta yi tari. Mai gaskiya ba ya tari haka."

Injiniya ya ce Murya ba mutum ba ne, kaset ne, mai shi ya daɗe da mutuwa. "Ku tuna, bai taɓa amsa tambaya kai tsaye ba."

Babansu ya ce, "Ai manajanmu ma haka yake, kuma yana nan da ransa."

Shi abin da ya dame shi motar Direba ce kawai. In an kunna ta ta yi gurnani ta mutu, sai ya ajiye cokali. "Ba batir ba ne! Iska ce ta shiga layin mai. Wannan direban a ina ya koyi aiki? Da za su ba ni minti goma da sifana, da tuni an wuce wurin."

Ni kuwa na faɗa musu gaskiya tun farko. Ku bar gawa a titi, babu wanka, babu likkafani, babu salla, me kuke so ta yi? Dole ta yi yawo. A tattara bayin Allah a yi musu sutura, kowa ya huta. Suka yi ta dariya, amma har yau ban ji wanda ya kawo abin da ya fi nawa ba.

Auta shekararta bakwai a lokacin. Ita ta ce 'yar Likita ce ke buga bututun, tana raye, tana kiran uwarta.

Injiniya ya ce, "Ke, an daɗe da cinye ta." Sai ya ja silifa a bayanta, shaaa, shaaa, ta yi tsalle ta faɗa jikin uban. Duk da haka ba ta janye ba. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta ɗauki cokali ta buga bututun banɗakinmu sau uku, wai don yarinyar ta san an ji ta. Har sai da tsohon telan da ke ƙasanmu ya hawo ya ce ko dai a kira mai gyaran famfo ko a kira malami.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne rana. Mako arba'in ba kwana biyu ba ne. Yini ya yi ta raguwa, magariba ta yi ta matsowa. A kashi na talatin da takwas, kiɗan rufewa kiran salla ya ci. A na talatin da tara, ya ci maganar Murya ta ƙarshe. Ranar na arba'in, wanda shi ne ƙarshen labarin gaba ɗaya, Likita ta bi bugun nan har ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Masu jan ƙafa suna biyo ta a matakala, shaaa, shaaa. Aka buga sau uku daga bayan ƙofa. Ta kama hannun ƙofar. Ƙarfe shida da minti ashirin da biyar daidai, ladan ya ce Allahu akbar.

Na miƙa hannu na kashe.

"Umma, minti biyar! Don Allah, minti biyar!"

Na ce sharaɗi sharaɗi ne, kowa ya je ya yi alwala. Suka yi sallar suna kumbure-kumbure. Da muka sallame na kunna, har an fara sanarwar cigiya. Auta ta yi kuka har ta fara shessheƙa kamar numfashinta zai ɗauke, yayarta ta ɗauke ta ta kai ta ɗakin ciki.

Ana haka babansu ya shigo. Ya tarar da gida kamar an yi rasuwa, sai ya shiga wurinsu ya ce, "Kuka na me? Ai ni na ji ƙarshen da kunnena a tasha. Ladaninmu na can sai ya shanye shayinsa yake kiran salla." Ya zauna a bakin gado ya ba su labari. Likita ta buɗe ƙofa, sai ga 'yarta da rai, ashe a ɗakin ajiya ta ɓuya, tana cin biskit tana shan ruwan bututu. Likita ta yi kuka ta amsa cewa ita ce ta fasa kwalbar cutar a ɗakin gwaji. Murya kuwa ashe kaset ne, ɗansa ne ke ta kunna shi don kada mutane su karaya. Direba ya fitar da iska daga layin mai, mota ta tashi. Daga ƙarshe tsohuwa mai girki ta sa aka tattara matattun aka yi musu wanka aka binne su, suka kwanta lafiya.

Ni kaɗai na san bai ji komai ba. Rediyon motarsa wata biyu ke nan da lalacewa, kuma mutum ne da ba ya bari jam'i ya wuce shi. Daga baya na ce masa, "Malam, ƙarya fa ka yi wa yara." Ya ce labarin ma ai wani ne ya zauna ya ƙirƙira, shi wancan kai biyu gare shi? Na ce labarin ba shi ne matsala ba, "na ji da kunnena" ɗin nan ita ce. Ya ce in sun girma zai faɗa musu. Suka girma bai faɗa ba, sai kuma Allah Ya karɓi abinSa shekara shida da suka wuce. Tun daren nan na sa kaset ɗin cikin 'yan uwansa, ba a sake kunna shi ba, rediyon ma bai ƙara wata uku ba ya mutu.

Manyan biyu sun bar maganar tun tuni, Auta ce ba ta bari ba. Tashar ta rufe, ba a san inda kayanta suka shiga ba, kuma ba a taɓa maimaita wasan ba. Amma akwai wani zaure a waya inda waɗanda suka ji shi suna yara suke taruwa, sun kai dubu, kullum suna musu a kan minti biyar ɗin nan. Ashe ba gidanmu kaɗai aka kashe rediyo ba. Waɗanda suka ce sun ji ma kowa da nasa. Wani ya rantse yarinyar ce ta ciji uwar. Wata ta ce an buɗe ƙofa ba kowa sai famfo yana ɗiga. Wani ya ce wuta aka ɗauke a tashar, ba wanda ya ji komai. Auta kuwa ta tsaya a kan nata kamar an kafa ta da ƙusa, har suka sa mata suna Babana Ya Ji. Ta taɓa karanta mini abin da ta rubuta musu: "Babana bai taɓa yi mini ƙarya ba."

To, ga mu a tsakar ɗaki da kwalin takalmi. Injiniya ya zaro na ƙarshen yana juya shi.

"Umma, ranar nan da kika kashe, maɓallan kaset kika danna?"

"Babanku ya hana ni taɓa su. Na dai sa rediyon ya yi shiru."

Ya dubi ƙanwarsa, ya dube ni. "To ai bai daina ɗauka ba! Irin rediyon nan ko kin rage murya har ƙasa, kaset ta ciki yake ɗauka. Ƙarshen yana nan!"

Na ce, "Kai, raba ni da shirme. Abin da kunne bai ji ba, yaya za a yi kaset ya ji?"

"Umma, shekara goma sha bakwai kina kwana a kan abin da mutum dubu ke nema!"

Ya ce akwai wata tsohuwar rikoda a shagonsa da wani ya kawo gyara bai dawo ba. Kafin in ce ga kaya ba a ɗaure ba, har na ji shi yana tsallake matakala bibbiyu.

Auta ta zauna a kan katifar da muka naɗe, tana ta rubutu a waya da sauri. "Na faɗa musu an samo na arba'in. Yau za su san waye babana. Musamman wannan mai cewa cizo, da kansa zai ba ni haƙuri."

Na ci gaba da ninke labule. Na ninke shi, na warware, na sake ninkewa. Nan da awa ɗaya wannan kaset zai ƙaryata mutumin da ke kabari a gaban 'yarsa, shi kuma ba ya nan balle ya ce ga dalili. Na ce gara ta ji daga bakina.

"Auta, ajiye wayar nan."

"Ina zuwa, Umma."

"Na ce ajiye." Ta ajiye. "Babanki bai ji ƙarshen nan ba."

Ta yi murmushi, tana jiran sauran wasan.

"Rediyon motarsa a lalace yake a lokacin. Salla ya yi kamar yadda muka yi. Ya shigo ya tarar kina neman shiɗewa, sai ya haɗa muku labari."

"Ya ce da kunnensa ya ji."

"Ya ce. To ki yi tunani mana, kina da ilimi. A ina kika taɓa ganin mutum biyar sun yi musu wata tara, kuma a ƙarshe kowa ya yi daidai?"

Can ta ce, "Na yi dambe da yarinya a makaranta a kan wannan maganar."

"Na sani. Ni na ɗinke aljihun rigar."

"Kuma kika bar ni. Kina ji ina rubuta wa duniya bai taɓa yi mini ƙarya ba, kika bar ni."

"Na yi laifi a nan. Ni dai ba ni na faɗa ba, shiru kawai na yi, amma shirun ma laifi ne."

Ta tashi ta shiga ɗakin ciki, inda babu komai sai ƙusoshi a bango da shatin kalanda. Ban bi ta ba. Na ɗaure tukwane, na cire madubi, na yi azahar ni kaɗai.

Injiniya ya dawo da gumi da rikoda a hammata. Ya kwance bayanta, ya sa wata 'yar roba a madadin wadda ta tsinke, ya sa biro a cikin kaset ɗin ya ɗan juya shi. Sai a lokacin ya lura da fuskokinmu.

"Me ya faru? Wa ya ci na wani?"

Auta ta fito ta ce, "Kunna kawai. Daga farko."

Muka zauna a ƙasa, don kujerun suna waje. Kiɗan nan ya taso, mai kamar ana jan sarƙa, sai na ji ƙamshin guga a hancina, wallahi, ga ƙarfen gugar kuwa yana cikin buhu. Muryoyin sun ɗan yi rawa amma ana ji. Injiniya yana faɗin maganar Direba kafin Direba ya faɗa. Auta ta rungume gwiwa ba ta kallon kowa. Likita ta sauka matakala. Shaaa, shaaa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ta kama hannun ƙofa.

Sai aka ji ƙwas, wasan ya ɗauke. A madadinsa sai ga kiran salla daga nesa, sai ga wata mata mai kaifin murya tana cewa, "Sharaɗi sharaɗi ne, kowa ya je ya yi alwala."

Na ce, "Wace ce wannan mai faɗa haka?"

Injiniya ya ce, "Ke ce mana. Umma, tsaya, wane abu kika taɓa ranar?"

"Ɗan abin nan na gefe da ake turawa."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Ba murya kika rage ba, rediyon kika kashe gaba ɗaya. In aka tura wannan, sai ya koma ɗaukar abin da ake yi a ɗaki. Ƙarshen ya tafi, Auta. Babu shi."

Auta ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji kukan wata yarinya a cikin rikodar. Ta koma ta zauna. Muka ji ƙarar buta, muka ji wani yaro yana ƙunƙuni yana cewa shi in ya girma rediyo goma zai saya. Muka ji shirun salla, da ƙasusuwan gwiwata suna ƙara tun a wancan lokacin. Sai kukan ya yi nisa, an kai ta ɗakin ciki. Sai ƙofa. Sai makulli ya faɗi a kan tebur, daf da rikodar, kacau.

"Salamu alaikum. Wa ya mutu?"

Shekara shida ban ji muryar nan ba. Na riƙe bakin zanena da ƙarfi. Injiniya ya sunkuyar da kai.

Matar nan ta amsa ƙasa-ƙasa, "Rediyo na kashe. Magariba ta riga su."

"Ashsha. A ina aka tsaya?"

"Likita ta kama ƙofa."

"Ji yadda yarinyar nan ke shessheƙa. Zan ce musu na ji a tasha."

"Malam, ƙarya fa."

"Na ɗauki zunubin. To amma me zan ce an gani a bayan ƙofar? Kaina babu komai sai hayaƙin mota."

Sai matar nan ta fara magana da sauri, kamar mai aiken yaro kasuwa.

"Yarinyar mana, da ranta. Ka ce ɗakin ajiya ne, akwai biskit, ga ruwa a bututu. Ka ba yayarsu nata, ka ce Likita ta amsa laifi. Wancan mai taurin kan ma ka ba shi kaset ɗinsa, in ba haka ba ba za mu huta ba."

"Motata fa?"

"Ta tashi."

"Alhamdulillahi. Ke kuma, ranki ya daɗe?"

"A yi wa bayin Allah wanka a binne su. Wuce mana, kana tsaye tana shiɗewa!"

Injiniya ne ya fara. Ya kwanta a ƙasa yana dariya yana buga siminti da tafin hannu. "Mai taurin kai! Ni ke nan! Umma, ashe ke ce mai kamfanin, Baba ɗan aike ne kawai!"

Auta ta juyo ta dube ni, idonta jawur. "Ɗazu-ɗazun nan kika ce shiru kawai kika yi."

Allah ne shaidata, na manta. Ko kuma dai na tura shi ƙarƙashin gado tare da akwatin, na yi shekara goma sha bakwai ina ɗora wa bawan Allah kayan shi kaɗai. Na ce, "Astagfirullah. To na janye waccan. Mu biyu ne."

"Biskit," in ji ta. "Na yi shekaru ina gaya wa mutane hujjar biskit." Bakinta ya fara rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Sai ta matso ta jingina da kafaɗata, yadda take yi in an ja mata silifa.

A cikin rikodar ya riga ya shiga ɗakin ciki, amma muryarsa babba ce, ana jinta sarai. Yana yin muryar Likita, yana yin ta yarinyar da siririyar murya, har yana jan takalminsa a ƙasa. Muka ji kukan ya tsaya. Muka ji 'yar murya tana cewa, "Baba, da gaske tana da rai?" Ya ce, "Ba ke ce kike amsa mata kullum da cokali ba? Ai shi ya sa ba ta karaya ba." Wannan kam ba ni na ba shi ba, nasa ne.

Ya kai inda Direba ya buɗe murfin mota ke nan, sai ladanin masallacin bayanmu ya kira la'asar.

Su biyun suka juyo suka dube ni a tare. Ban motsa ba. Hannuna ya yi nauyi a cinyata. Sai Auta ta miƙa nata hannun ta danna maɓallin tsayawa.

"Wannan zai jira mu," in ji ta.

Wayarta tana ta ƙyalli a kan katifa, mutanen zauren suna jiran kaset na arba'in. Ta ɗauka ta duba. "Umma, me zan ce musu?"

"Gaskiya. Kada a ɗora wata a kan waccan."

"Za su yi mini dariya har shekara."

"Su yi. Ki ce babanki bai ji ba, uwarki ce ta kashe rediyo."

Ta yi rubutu kaɗan, ta kife wayar. Injiniya ya ce zai kwafe kaset ɗin a waya kafin robar ta sake tsinkewa, kuma sai ya kunna wa yayarsu inda aka ce a ba ta nata, don ta daina cika baki ita ce ta gano Likita. Ya tambaye ni ko kwalin ma yana cikin tarkacen da za a zubar. Na ce ya sa shi a jakar da zan riƙe a hannuna, kada ya kuskura ya haɗa shi da tukwane.

Auta ta riga ni shiga banɗaki yin alwala. Ina tsaye a bakin ƙofa da buta ina jira, sai na ji an buga bututu, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Tsohon telan ya daɗe da rasuwa, jikarsa ce a ɗakin ƙasa yanzu. Ta ɗaga murya ta taga ta ce, "Lafiya kuwa a sama?"

Na leƙa na ce mata lafiya lau, tashi muke yi. Sannan na buga ƙofar banɗakin na ce Auta ta yi sauri, lokaci na tafiya, kuma motar Direba ba ta tashi ba tukuna.